Na rage kilo 41 amma fata ta saki: za ta koma, ko sai tiyata?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekarata 38, 'ya'yana huɗu. Tun haihuwar fari nake fama da ƙiba har na kai kilo 118. Da aka gano ina da ciwon suga sai na dage da gyara cin abinci da tafiyar ƙafa, likitana kuma ya ɗora ni a kan allurar nan ta mako-mako mai rage suga da ƙiba. Cikin shekara ɗaya da rabi na sauko zuwa kilo 77. Suga ya daidaita, gwiwa ta daina ciwo, amma fatar cikina ta zubo har ta rufe mara, damatsa suna reto, ƙasan cikin kuma kullum ƙaiƙayi da wari. Ba na son maigidana ya gan ni da fitila a kunne. 'Yan'uwa kuwa sai tambaya suke wai ko lafiya. Wani lokaci har ina jin gara ƙibar. Fatar za ta koma, ko sai an yi tiyata?

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Kilo 41 ba wasa ba ne, duk likitan da ke duba masu ciwon suga ya san yawan masu farawa su sare a hanya. Sai dai ba yabo kika zo nema ba, don haka ga amsarki kai tsaye. Fatar za ta ɗan ja baya, musamman ta fuska da wuya da wani sashe na damtse. Amma wadda ta zubo ta rufe mara ba za ta koma da kanta ba. Babu man shafawa ko shayi ko motsa jikin da zai ɗauke ta. Gara ki ji wannan daga bakina yau da ki shekara biyu kina zuba kuɗi a hannun masu talla.

A ƙarƙashin fatar da ido ke gani akwai wani shimfiɗi mai kauri da zaruruwa iri biyu suka saƙa. Ɗaya shi ne kolajin, mai ba fata ƙwari, ɗayan ilastin, mai sa ta dawo idan an ja ta. Kamar robar ƙugun siket ce: in an ja an saki nan take sai ta koma, amma in ta shekara da shekaru a miƙe, ko an cire siket ɗin an ajiye ba ta sake tsukewa. Jikin babba kuma ba ya ƙera sabon ilastin sai ɗan abin da ba a rasa ba. Taki fatar ta ɗauki nauyin nan fiye da shekara goma, ga ciki huɗu a kai. Nankarwar da kike gani a ciki da cinya shaidar wuraren da zaruruwan suka riga suka tsinke ce. Shekaru suna da nasu hannun, gado ma haka, shi ya sa za ki ga mata biyu sun rage nauyi iri ɗaya, ɗaya ta fi ɗaya sakin jiki. Shan taba da shisha suna lalata kolajin, haka ma mayukan ƙara hasken fata masu haɗin siteroyid, waɗanda ke sirantar da fata har jijiya ta riƙa bayyana. Za a samu masu ce miki ai don kin rame da sauri ne. Kada ki ɗora wa kanki wannan laifin. Yawan abin da aka rage da tsawon shekarun da aka yi ana ɗauke da shi su ne manyan dalilai, kuma kilo 41 cikin wata 18 ba gaggawar da ta wuce hankali ba ce.

Bari in fara da ƙaiƙayi da warin nan, domin shi ne abin da ba ya jira, kuma shi ne wanda za ki iya maganinsa cikin 'yan makonni. Inda fata ta kwanta a kan fata, zufa na taruwa, iska ba ta shiga, ga gogayya in kina tafiya. Wurin sai ya yi ja ko ya yi duhu, ya saluɓe, ƙwayoyin cuta dangin masu kawo makero su samu wurin zama. Mai ciwon suga ta fi kowa saurin kamuwa da wannan, kuma zafin watan Maris zuwa Mayu, lokacin da garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, yana ƙara tsananta shi. In za ki yi wanka, ɗaga naɗin fatar da hannu ɗaya ki wanke ƙarƙashinsa da sabulu mai sauƙi marar turare, ba tare da dirzawa da soso ba. Wannan ɗagawar ta zame miki ɗabi'a, domin ko a wankan ibada ana son ruwa ya kai cikin naɗin. Babban aikin yana bayan wanka: ki tsane wurin da tawul mai laushi ta hanyar dannawa, sannan ki ɗan kwanta gaban fanka ko ki yi fifita har ya bushe ƙarau kafin ki sa kaya. Ki samu tsumman auduga mai tsabta, ko da yankin tsohon zani ne da ya yi laushi, ki shimfiɗa shi cikin naɗin ya raba fata da fata, ki canja shi da zarar ya jiƙe. Kayan ciki su zama na auduga, ba yadi mai santsi da ke riƙe zufa ba.

In wurin ya riga ya yi ja yana ƙaiƙayi, man clotrimazole safe da dare na mako biyu zuwa huɗu yakan wadatar. Bayan ya warke, man zinc oxide, irin wanda ake shafa wa jarirai in kunzugu ya ci su, yana kare wurin daga jiƙewa. Abin da nake roƙonki ki guje wa shi ne mayukan nan na kemis da ake cewa suna maganin komai. Yawancinsu akwai siteroyid mai ƙarfi irin su betamethasone ko clobetasol a ciki. Kwana biyu za ki ji ƙaiƙayi ya lafa ki ɗauka an dace, alhali suna ƙara sirantar da fatar da dama ta yi rauni, cutar kuma ta dawo da ƙarfinta. Kada ki zuba lemon tsami ko alif ko ruwan kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi a wurin. Hoda ma in ta haɗu da zufa dunƙulewa take ta ƙara gogayya. Ranar da kika ga wurin ya kumbura, ya yi zafi a taɓi, yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya zo, to ba maganar gida ba ce, ki tafi asibiti a ranar. Ki kuma tabbata ana rubuta kowane zuwa a katinki. Nan gaba idan maganar tiyata ta taso, wannan tarihin shi zai nuna cewa lalura ce ta kawo ki.

Sai abin da lokaci zai iya yi. Bayan nauyi ya tsaya wuri ɗaya, fata takan ci gaba da ɗan tsukewa har shekara ɗaya, wasu ma biyu. Jikin da kike gani yau ba shi ne na ƙarshe ba. Ki kama fatar da yatsu biyu ki ja. In ta zo siririya tana tattarewa, fata ce zalla. In ta cika miki hannu da kauri, akwai sauran kitse a ƙarƙashi, kuma wannan zai iya raguwa. Abin da ya fi taimakawa a wannan tsakanin shi ne gina tsoka. Duk mai rage nauyi da yawa, musamman da irin allurar da kike yi, ba kitse kaɗai yake zubarwa ba, har da tsoka, shi ya sa damtse da ɗuwawu ke zama kamar an zuƙe su. Tafiyar ƙafa ta yi miki amfani, amma ba ta gina damtse. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki mai ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, kuma ba sai kin je gidan motsa jiki ba. Zama a kujera da miƙewa sau goma sha biyu, tura bango da hannu biyu, ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi sama da kai, a ƙara nauyi a hankali, duk a cikin ɗakinki za ki yi su. Tsokar ba za ta ɗauke fatar ciki ba, amma tana cike wani sashe na hannu da cinya, tana gyara tsayuwa, tana kuma taimaka wa suga.

Tsoka ba ta ginuwa sai da abinci mai gina jiki, allurar kuma tana kashe sha'awar abinci, sai mutum ya wuni a kan shayi da biskit. Mai nauyinki, in an gwada ƙodarta an ga lafiya lau, tana bukatar kamar giram 80 zuwa 90 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, don haka sai an haɗa da wake, alala, awara, kifi, kaza, kindirmo marar suga, da ɗan ƙuli-ƙuli. Ki fara cin waɗannan kafin tuwo ko shinkafa, tunda cikin ba ya ɗaukar da yawa.

Maganar kayan kasuwa gajera ce. Man kaɗanya yana sa fata laushi ya rage bushewa lokacin hunturu, ki shafa abinki, amma ba a cikin naɗi ba, kuma ba ya tsuke fata. Garin kolajin da ake sayarwa da tsada ba zai ɗage fatar da ta rufe mara ba. Naɗe ciki da leda don a yi zufa ƙuraje kawai yake ƙarawa. Na'urorin ɗumama fata na wuraren gyaran jiki suna ɗan aiki a saki kaɗan na fuska ko wuya, ba irin naki ba. Ɗamarar ciki ce kaɗai nake yaba wa, ita ma don tana riƙe fatar kada ta yi ta lilo in kina tafiya, tana rage ciwon baya, kaya kuma su zauna miki. Ki sa ta da rana a kan rigar auduga, ki cire da dare, kada ta matse har numfashi ya yi wuya.

Kalmar da ta fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki ita ce "gara ƙibar". Na fahimci inda ta fito. Kin yi wahala kina hango wani jiki a ƙarshen hanya, da kika iso kika tarar da wani daban, kuma babu wanda ya gaya miki tun farko. Masu tallan rage ƙiba hoton mutum cikin kaya suke nunawa. Ga kuma yadda mutanenmu ke karanta jiki: ƙiba alamar hutu ce da kulawar miji, rama kuwa ko ciwo ko damuwa ko kishiya. A Turai mai rage kilo 40 taya shi murna ake yi, a nan jaje ake masa. Ba za ki iya gyara tunanin dangi gaba ɗaya ba, kuma ba kowa ke da haƙƙin jin bayani ba. Ki tanadi magana guda ki riƙa maimaitawa: "Likita ne ya sa ni saboda suga, kuma alhamdu lillahi na samu sauƙi." Daga nan ki sauya zance. In sun saba ganinki tambayar za ta mutu da kanta.

Komawa ƙiba kuwa ba mafita ba ce. Kitse zai cike fatar, gaskiya ne, amma zai dawo da suga da ciwon gwiwa, kuma kowane hawa da sauka ƙara kashe fatar yake. Ki yi nesa da ƙwayoyin sa ƙiba da ƙawaye za su kawo miki da sunan ki ɗan ciko. Da yawansu dexamethasone ne, wanda ke haukata suga, ya kumbura fuska da ciki, ya cinye tsokar hannu da ƙafa, ya kuma sirantar da fata. Ga mai ciwon suga wannan guba ce.

Ido ma yana bukatar lokaci. Ƙwaƙwalwa ta saba da wancan jikin shekara da shekaru, shi ya sa masu rage nauyi da yawa sukan ci gaba da karkacewa in za su shiga ƙofa, ko su ɗauko riga mai girma a kasuwa. Wasu su ƙaurace wa madubi, wasu su wuni a gabansa suna jan fata. Duka biyun ƙara ciwo suke. Ki duba jikinki lokacin wanka da shafa mai kamar yadda kike duba na ɗanki, don kulawa, ba don neman aibu ba. Ki kuma kwashi kayanki ki kai wa tela. Yawo cikin ɗinkin mai kilo 118 shi ke sa a ce kin lalace. Suturarmu tana da rufin asiri: doguwar riga, hannu mai tsawo, zani da mayafi, ga rigar mama mai kyau wadda ta dace da girmanki na yanzu. Mutanen waje ba sa ganin kashi ɗaya cikin goma na abin da kike gani.

Maigida shi ne wanda zai gani, kuma a nan shiru ya fi fatar haɗari. Namijin da matarsa ta fara kashe fitila tana janye jiki ba kasafai yake gane kunya ce ba, yakan ɗauka gudunsa ake. Ki same shi da rana, lokacin da hankalinsa ke kwance, ba a shimfiɗa ba, ki faɗa masa abin da kika faɗa mini. In da hali ku zo asibiti tare ya ji bayanin daga bakin likita, musamman tunda duk maganar tiyata sai da shi. Ba sai kin tashi daga duhu zuwa hasken fitila rana ɗaya ba. Rigar barci mai laushi da ɗan haske kaɗan ma mataki ne. Idan kuma kika ga baƙin ciki ya zauna miki fiye da mako biyu, barci ya lalace, kin daina zuwa biki da suna, kina ƙin abinci don tsoro, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, ki gaya wa likitanki nan da nan ya haɗa ki da masanin lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna da Maiduguri da Kware, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Zuwa can ba hauka ba ne. Ni a ganina, wadda ke cikin wannan hali ta fara da nan kafin ta je wurin mai wuƙa, domin tiyata fata take cirewa, ba ta cire ƙin kai.

To, tiyatar. Ita kaɗai ke ɗauke fata irin taki, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa a lokacin da ya dace sukan ji daɗin sakamakon. Amma ciniki ne: kin ba da fata, kin karɓi tabo. A ciki aiki iri biyu ake yi. Akwai yanke labulen fatar da ya zubo kawai, wanda shi ne na maganin ƙuraje da nauyi. Akwai kuma cikakken gyara, inda ake ɗaga fatar cikin, a ɗinke tsokokin da haihuwa ta raba, a fitar da cibiya ta sabon wuri. Duka biyun tabon daga wannan ƙugu zuwa wancan yake. Na damtse yakan tashi daga hammata zuwa gwiwar hannu ta ciki. Mu masu baƙar fata mun fi saurin yin tabo mai tudu, don haka in hujin kunne ko ɗinkin haihuwa ya taɓa kumbura miki, ki nuna wa likita tun ranar farko. Wanda ya ce zai zuƙe miki kitse kawai ba tare da yanka ba, ki bar wurinsa. Zuƙe kitse a ƙarƙashin fatar da ta saki ƙara mata saki yake.

Ba yanzu ba ne lokacin. Ana son nauyi ya tsaya wuri ɗaya aƙalla wata shida, kuma ke akwai tambayar allura. A wani babban bincike kan semaglutide, ɗaya daga cikin irin waɗannan allurai na mako-mako, waɗanda suka daina allurar sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka rage cikin shekara ɗaya. Don haka ku fara daidaitawa da likitanki ko za ki ci gaba da ita, in kuma za a tsaya, a ga inda nauyin zai zauna tukuna. Sai gwajin suga na wata uku ya yi kyau, jini ya isa, domin suga mai hawa da ƙarancin jini su ke hana ɗinki kamawa. Mai shan taba ko shisha sai ta bari aƙalla mako huɗu zuwa shida kafin aiki. Mai ba da maganin barci dole ya san kina allurar, saboda tana sa abinci ya daɗe a ciki. Bayan aiki akwai robar tsiyayar ruwa ta wasu kwanaki, ɗamara ta kusan mako shida, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba goyo. Taruwar ruwa a ƙarƙashin fata da buɗewar wani sashe na ɗinki ba baƙon abu ba ne ga masu rage nauyi da yawa. Wanda muka fi tsoro shi ne daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda kan iya tafiya huhu, shi ya sa ake tayar da mutum ya taka da wuri, shi ya sa kuma likita mai hankali ba ya haɗa ciki da hannu da cinya duk a rana ɗaya don a rage kuɗi.

Wanda zai yi aikin ya zama ƙwararren likitan tiyatar gyaran jiki mai rajista da MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya, a asibitin da ke da jini a ajiye da ƙwararren mai ba da maganin barci. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da wannan sashe, kuma ko ba za a yi aikin can ba, wuri ne mai kyau na jin shawarar da ba ta talla ba. Ki nemi ganin hotunan tabon masu irin fatarki bayan shekara guda, ki nemi jimillar kuɗi a rubuce har da na abin da ka iya biyo baya. Masu tafiya Turkiyya ko Masar ko Indiya su sani cewa matsala takan taso ne a makonnin da suka biyo baya, lokacin da wanda ya yi ɗinkin yana wata ƙasa, doguwar tafiyar jirgi jim kaɗan bayan aiki kuma tana ƙara haɗarin daskarewar jini.

Na san za ki yi tunanin hukuncin addini. Malamai suna bambanta tiyatar kawar da cuta ko nakasa da ta son ƙawa kawai, kuma sukan kafa hujja da hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinare. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta tiyatar gyaran jiki da lalura ko bukata ta gaske ta kawo, bisa sharuɗɗa. Ki kai wa malamin da kika amince da shi bayaninki yadda yake, har da maganar ƙurajen, ba kawai "ina son gyara ciki" ba.

Abu ɗaya ba ki faɗa mini ba, kuma shi zai yanke lokacin aikin: ko kuna da niyyar ƙara haihuwa. Ciki bayan cikakken gyara ba ya cutar da jariri, amma yakan sake miƙe fatar ya raba tsokar da aka ɗinke, kuɗi da wahala su tafi a banza. In da niyya, a jinkirta aikin sai an gama. Kuma in semaglutide ce allurarki, ana dakatar da ita aƙalla wata biyu kafin ɗaukar ciki, a sauya miki maganin suga da wanda ya dace da mai juna biyu. Mace kan fi saurin samun ciki bayan ta rage nauyi, don haka ku tattauna wannan da likitanki a zuwanki na gaba.